Kashe Kai a Ƙasar Baƙunta: Baƙo ko Ɗan Gida, Wa Ya Fi Shafa?

Jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. To, a ƙasashen da baƙi ke kwarara, wa abin ya fi cin wa, baƙo ko ɗan gida?

A Kanada da Amurka, in aka haɗa baƙi wuri ɗaya, adadin masu kashe kansu a cikinsu, gwargwadon yawansu, bai kai na haifaffun ƙasar ba. Dalili na farko a fili yake. Dubi wanda ke barin Sakkwato ya bi ta Illela da Konni har Agadas: galibi mai jini a jika ne, da lafiyarsa. Na biyu, mutum yana tafiya da addininsa da tarbiyyarsa. Bincike a Ostareliya da Suwidin ya nuna adadin kashe kai tsakanin baƙi yakan bi na ƙasarsu ta asali. 'Yan Finland mazauna Suwidin sun zarce 'yan gida, su kuwa masu zuwa daga Gabas ta Tsakiya suna ƙasa.

Amma kada a yi saurin cewa baƙo ya tsira. Lissafin haka yake: a ƙirga mace-macen shekara, a raba da yawan mutane, a fitar da adadi cikin kowane 100,000, sannan a daidaita shi da shekaru, tunda baƙi matasa suka fi yawa. A nan ake tuntuɓe. Marar takarda sau da yawa ba ya cikin ƙidaya. Wanda ciwon damuwa ya kayar, aka mayar da shi gida ya rasu a can, ba ya cikin littafin kowa. Wata mutuwar kuma haɗari ake rubuta ta, don a rufa wa iyali asiri. Mu nan ma mun san wannan: a yi jana'iza kafin la'asar, babu rajista, ga kuma sashe na 231 na dokar laifuka ta Arewacin Najeriya, wato Penal Code, da ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, sai kowa ya yi gum.

Kariyar ma ba ta ɗorewa. 'Ya'yan da aka haifa a can, adadinsu yakan matso kusa da na 'yan gida. Masu neman mafaka da aka bari shekaru ba amsa, da wanda ya tafi da bashi a wuya, su ne a bakin gaɓa.

Idan ɗan'uwanku da ke waje ya daina ɗaga waya, barci ya ƙaurace masa, yana cewa "na zame muku nauyi", ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Ku sassauta maganar aiko kuɗi, ku nemi wani na kusa da shi ya zauna da shi ya raka shi wurin likita. In ya dawo gida, a kawar da magungunan ƙwari da na sha daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato.