Daga Berlin: matar da aikinta ya sauƙaƙa gyaran DNA, da abin da ya shafi masu sikila

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyi ya fara shigowa Berlin. Waɗannan jajayen gine-ginen da ke bayana harabar asibitin Charité ce, kuma a cikinta cibiyar bincike ta Max Planck da Emmanuelle Charpentier ke jagoranta take. Saboda ita na ɗauko kyamara yau.

A 2011, lokacin tana jami'ar Umeå can arewacin Suwidin, ita da abokan aikinta suka bayyana wani ɗan guntun RNA (ɗan'uwan DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halitta) da suka gano a bakteriyar da ke kawo ciwon maƙogwaro, Streptococcus pyogenes. Ita ma bakteriya tana da maƙiyanta, wato bairos. In bairos ya kai mata hari ta tsira, sai ta adana guntun DNA ɗinsa, ranar da ya dawo ta gane shi, ta tura wani furotin mai suna Cas9 ya datse shi. Wancan guntun RNA yana cikin abin da Cas9 ke buƙata don wannan aiki. A wani taro a Puerto Rico Charpentier ta haɗu da Jennifer Doudna ta jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a 2012 suka nuna cewa ana iya saita wannan almakashi ya yanka duk inda aka ga dama a DNA. Shi ne CRISPR da kuke ji. A 2020 aka ba su kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, karon farko da mata biyu suka raba kyautar kimiyya ta Nobel ba namiji a tsakaninsu.

To mu ina ruwanmu? Sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaron da ciwon ƙashi ya tasar masa ya san abin da nake nufi.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin da ke burge ni. Jariri a cikin ciki yana da nau'in haimogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini) na daban, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar yadda na masu sikila ke yi. Bayan haihuwa sai wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ta rufe shi a hankali, shi ya sa iyaye ba sa ganin alama sai yaro ya doshi wata shida. Wani magani mai suna Casgevy, da ke amfani da CRISPR, yana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a datse wurin da ke kunna BCL11A, a mayar da su, sai jinin jarirantaka ya dawo. Victoria Gray, wata uwa a Amurka, ita aka fara yi wa a cikin masu sikila, a 2019. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Amma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an share ɓargo da magani mai ƙarfi irin na masu kansa, wanda kan iya hana haihuwa, ga makonni a kwance a asibiti. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Wallahi duk lokacin da na faɗi wannan kuɗi sai zuciyata ta yi nauyi.

Yanzu ku duba hanyar da Charpentier ta bi kafin ta samu wurin zama: Faransa, Amurka, Ostiriya, Suwidin, sannan Jamus. Shekara da shekaru tana ɗaure kaya tana kwancewa. Haka wannan aiki yake. A nan Jamus doka ta yarda a riƙa ba mai bincike kwantiragi na wucin gadi har shekara shida kafin digiri na uku, da wata shida bayansa. In ba ka samu kujera ta dindindin ba, sai ka nemi wata hanya. Kuma shekarun nan su ne daidai lokacin da mace ke aure da goyo. A ɗakin gwajinmu mata sun fi yawa a cikin ɗalibai, amma a faɗin Jamus mata ba su kai kashi ɗaya cikin uku na farfesoshi ba. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, tsarin ne ba a gina shi da mai jego a zuciya ba. Ƙwayoyin da muke raino a kwalba kuwa ba su san Asabar ko Lahadi ba, in ranar sauya musu ruwan abinci ta yi dole wani ya zo.

Ƙannena mata da ke rubuto min daga Kano da Zariya da Damagaram, na san yadda ake cewa wadda ba ta samu likitanci ba ce ke karanta ilimin ƙananan halittu. Aikin da ya kai ga maganin sikila daga nazarin bakteriya ya faro, a hannun mai irin wannan karatun. Ku nuna wa Baba da Mama wannan bidiyon.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan shiga da ku ɗakin gwaji, ku ga yadda muke ƙirga ƙwayoyi a ƙarƙashin madubin likita. Mai tambaya kan neman gurbin digiri na uku a Jamus ta ajiye min a ƙasa. Sai mun haɗu.