Maganin zuciya ya ƙare maka a ƙasar waje? Duba ƙaramin rubutun da ke kan kwali

[Hoto: filin jirgin Diori Hamani, ana auna kaya]

Salamu alaikum jama'a. Bidiyon yau ku kuka jawo shi, don tun da aka fara haramar Umara saƙo iri ɗaya ke shigo mini a salula, wai tsohona yana Makka maganin zuciyarshi ya ƙare, ya je farmasi sun ce ba su san shi ba, ya za a yi? Wani ma cewa ya yi Larabawa ba su da maganin tansiyo. Haba malam. Suna da shi mana, sunan ne ba su gane ba.

Abin da kowa ya sani bari mu wuce shi da gudu. Magani a jakar hannu yake zama, kar a sa shi a akwatin da ake aunawa, don akwati na iya sauka Istanbul kai kana Jidda. A ƙara na sati biyu kan kwanakin tafiya. A bar shi cikin kwalinshi, ban da ɓare ƙwayoyi a zuba leda ɗaya kamar gyaɗa, Hajiya da ke nake. To shi ke nan, mu je ga inda ake ɓata.

[Hoto: kwalin Amlor a tafin hannu, a matso kusa]

Kun ga babban rubutun nan? Amlor. Wannan laƙabi ne, kamfani ya raɗa mishi don kasuwa. Yanzu ku dubi ƙasa, ɗan siririn rubutun da ba mai karantawa: amlodipine. Wannan shi ne sunan yanka. A Faransanci DCI ake ce mishi, masu Turancin Ingila INN suke cewa, kuma hukumar lafiya ta duniya OMS ce ke fitar da waɗannan sunaye tun 1953 don likitan Tawa da na Dubai da na Guangzhou su fahimci juna ko ba su jin yaren juna.

Mu nan Yamai yawancin abin da ke kantar farmasi da sunan kasuwar Faransa yake zuwa, shi ya sa da ka fita ƙasashen da ke Faransanci sai laƙabin ya daina aiki. Amlor ɗin nan a wurare da yawa Norvasc ne. Lasilix na fitsari furosemide ne, can Lasix za ka gani. Tahor atorvastatine ne, shi ne Lipitor. Cardensiel bisoprolol ne, a ƙasashen Larabawa sai ka ji Concor. Kardégic kuwa da ake ta kaɗawa a ruwa kamar wani abin sirri, asfirin ne mai ƙaramin awo.

[Hoto: ƙwayoyi a jere, sunaye na fitowa ƙarƙashinsu]

Wani kawuna ɗan kasuwa daga Tawa ya taɓa yi mana wannan a Dubai. Ya je sarin kaya na kwana goma, kaya suka yi jinkiri ya kai sati uku, magani ya ƙare, kwalin kuma tun a gida ya yar da shi wai yana cin wuri. Ya shiga farmasi yana ce wa yaron shagon a ba shi ɗan ƙaramin nan na zuciya da ake sha da safe, yana nuna girmanshi da yatsa. Kwana uku bai sha ba sai da ya ji ƙirjinshi na duka kamar ganga sannan ya kira. Na ce Kawu me aka rubuta a bayan katin? Ya ce wane kati, ai na gama da shi. Sai da inna ta tono tsohuwar ordonans ƙarƙashin katifa aka yi mata foto. Bisoprolol ne ashe.

Kuma wannan yana cikin waɗanda ba a yankewa farat ɗaya, shi da ƴan uwanshi su atenolol da metoprolol. Jiki ya saba da birkin, in ka cire shi rana ɗaya zuciya sai ta zabura, bugu ya ƙaru, tansiyo ta hau, mai ciwon jijiyar zuciya har bugun zuciya na iya kama shi. Haka wanda aka sa wa ɗan bututun nan a jijiya, sitent, yana shan clopidogrel wato Plavix, tsallake kwanaki na iya sa jini ya daskare ya toshe wurin.

Amma ku tsaya, abin yana da wata fuska da ta fi ba ni tsoro. Wani lokacin sunan kasuwar ɗaya ne amma maganin daban. Hukumar magunguna ta Amurka FDA ta yi gargaɗi a kai a 2006: wani matafiyi da ke shan Dilacor, wanda a Amurka diltiazem ne, nashi ya ƙare a ƙasar Sabiya da ke Turai, ya je ya faɗi sunan aka ba shi Dilacor na can, wanda digoxine ne. Ya yi ta sha har aka kwantar da shi asibiti. Suna ɗaya fa, kuma dukansu na zuciya.

[Hoto: yatsa kan lambar miligiram]

Bayan sunan yanka sai lamba. 5 ne ko 10, ka rubuta. Nan ma akwai ɗan ruɗi, Coversyl 5 namu perindopril arginine ne, wata ƙasa za a miƙo maka perindopril 4 ka ce an rage maka, alhali ƙarfinsu ɗaya, sinadarin da aka haɗa shi da shi ne daban. Wannan mai farmasi ko likita ke tabbatarwa, kar ka yi lissafin da kanka. In akwai LP a gaban sunan, mai narkewa a hankali ne, can za ka ga SR ko XL ko MR, ba a tauna shi ba a daka shi. Wata ƙwayar kuma biyu ce a ɗaya, Coveram perindopril ne da amlodipine, in ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya rabin magani ka sayo.

Masu shan na tsinka jini, Sintrom ko Previscan ko Coumadine, ku kam ba ruwanku da canji a kan kanta. Uku ne daban, miligiram ɗinsu ba ya tafiya ɗaya, Previscan ma da wuya ka same shi in ka fita inda ake kawo maganin Faransa. Likita za a gani, a auna INR, wato gwajin da ke nuna yadda jinin ya tsinke.

Saura da sauri. Ordonans ɗin Yamai ba dole ba ne farmasin waje ta karɓa, amma likitan can yana ganinta zai rubuta maka tasu cikin mintoci, don haka a je tun saura ƙwaya biyar, kar a jira ta ƙarshe. Alhazai ku nemi likitocin tawagarmu. Ban da raba ƙwaya biyu don ta kai, ban da aron na abokin ɗaki don shi ma wai tansiyo gare shi, ni wannan karamcin ban yarda da shi ba ko kaɗan. In ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi wuya, zufa ta karyo ko ciwon ya gangara hannu, an wuce maganar farmasi, a kira lambar motar asibiti: 997 a Saudiyya, 998 a Dubai, 112 a Turai, 15 a Faransa.

[Hoto: ana ɗaukar kwali foto, gaba da baya]

Yanzu ka ɗauko kwalin tsohonka, ka yi mishi foto inda ƙaramin rubutun da lambar suka fito sarai, ka tura mishi a WhatsApp ka tura wa wanda zai raka shi. Na Kawu ni har a takarda na rubuta mishi da manyan baƙaƙe na cusa cikin fasfo, don salularshi kullum ba caji.