Shekarun haihuwa uku na mutum ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Yau ina unguwar Kew a birnin Landan, kusa da gidan adana takardun tarihi na Birtaniya. Abin da ya kawo ni shi ne binciken asalin dangin matata, wadda Baturiyar Ingila ce, domin ina so 'ya'yanmu su san dangin uwarsu kamar yadda suka san na ubansu.

Kakan mahaifinta ne ya ba ni wahala. A ƙidayar jama'a ta 1881 an rubuta shekarunsa 9, a ta 1891 an rubuta 21, a ta 1911 kuma an rubuta 37. Idan aka yi lissafi, mutumin nan an haife shi a 1872, da 1870, da kuma 1874.

Abin da na fara ganewa shi ne ƙidayar wancan zamani ba ta tambayar ranar haihuwa, shekaru kawai take tambaya a daren da aka yi ta, kuma ta 1881 an yi ta ne ranar 3 ga Afrilu. Saboda haka yaro mai shekara 9 a wannan dare yana iya kasancewa haifaffen 1871 ne, ba 1872 ba. Sai na koma ga tambayar da ta fi muhimmanci a ganina: wa ya faɗi wannan adadi? A 1881 yana gaban iyayensa, waɗanda suka san lokacin da suka haife shi. A 1891 kuwa yana zaman haya a gidan wasu, kuma mai gida ne ke cike takarda a madadin duk wanda ya kwana a gidansa, don haka zatona shi ne ya dube shi ya kintata kawai. Ta 1911 ce ta fi ba ni dariya, domin ita ce ƙidaya ta farko da aka adana takardun da masu gida suka cike da hannunsu, kuma ga rubutunsa nan ƙarara, ya rage wa kansa shekara biyu. Matarsa ta fi shi ƙuruciya sosai, sauran bayanin na bar muku. Ban ga laifinsa ba, tunda mu ma a gida mun san yadda takardun rantsuwa a kotu suka mayar da ɗimbin mutane haifaffun 1 ga Janairu.

Daga nan na nemi takardar shaidar haihuwa. An fara rajistar haihuwa ta hukuma a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837, kuma ana ba iyaye kwana 42 su kai rahoto. Kundin sunayen an tsara shi ne wata uku-uku, bisa lokacin da aka yi rajista, ba lokacin da aka haihu ba. A can na tarar da yara biyu masu suna ɗaya a gunduma ɗaya, ɗaya a 1869, ɗaya a farkon 1872, kuma sunan gidan su mahaifiyarsu ɗaya ne. Ashe na farkon ya rasu tun yana jariri, sai aka mayar da sunansa ga ƙanensa, al'adar da ta zama ruwan dare a lokacin. Da na ɗauki na 1869 don ya kusa da lissafin ƙidayar 1891, da na jingina zuriyar matata ga yaron da bai kai ga yaye ba.

Da takardar ta iso, ta nuna an haife shi a watan Disamba 1871, mahaifiyarsa ce ta je ta yi rajistar a Janairu, kuma dangwala alama ta yi a wurin sa hannu domin ba ta iya rubutu ba. Ranar haihuwar da ke cikin wannan takarda na ɗauka. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, zan duba rajistar jama'ar Ingila da Wales da aka yi ranar 29 ga Satumba 1939, wadda ke ɗauke da cikakkiyar ranar haihuwa, mu ga shekarar da dattijon ya faɗa a lokacin.