An gyara zuciya, sai a sa ido kan fitsari

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron iyaye da ma'aikatan jinya a Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum. Iyayena mata, malamai, 'yan'uwa ma'aikatan jinya, barkanmu da zuwa. Na baya kuna jina? To, madalla.

A cikin jarirai 1,000 da ake haifa, kusan 8 ko 9 na zuwa da tawaya a zuciya: wani huda ce a bangon da ya raba ɗakunanta, wani kuwa hanyoyin jini ne suka sauya wuri. Tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya, a Inugu, amma har gobe da yawa daga yaranmu Indiya ake kai su. Yaro ya fito daga tiyata, kowa idonsa na kan ƙirji. Ni nawa idon yana kan robar fitsari.

Ga dalili. Kafin likita ya ɗinke zuciya, galibi sai ya tsayar da ita. Sai a karkatar da jinin yaro cikin na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, wadda John Gibbon ya fara cin nasara da ita a Amurka a 1953. Zuciya bugu-bugu take harba jini. Na'ura kuwa zuba shi take yi kamar famfo. Jini ya gogi roba, wasu ƙwayoyinsa su fashe. Ita kuma ƙoda ba ta da haƙuri: a jikin babba kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke harbawa nata ne, a rage mata ta yi yaji. Ta jariri ma ba ta gama ƙwari sai wajen shekara 2. Shi ya sa kusan yaro 1 cikin 3, wani wurin har rabi, ƙodarsu kan taɓu bayan wannan aiki, musamman sababbin haihuwa da waɗanda suka daɗe a kan na'ura.

Gwajin jinin da muke yi don duba aikin ƙoda, kiriyatinin, makararre ne; yakan kwana 1 ko 2 kafin ya tashi. Fitsari ke riga shi kawo labari. Jariri mai kilo 4, muna so ya yi aƙalla mililita 4 a awa. Bai cika cokalin shayi ba fa! Amma a kan wannan ɗan ɗigon nas ke kwana ba barci. In ba roba, ta ɗora famfas a sikeli kafin a ɗaura da bayan an cire, kowane giram mililita ne. In fitsari ya ɗauke, ruwa ya taru, fatar ido ta kumbura, sai a yi wankin ƙoda ta ciki: a sa siririyar roba a kogon ciki, a zuba ruwan magani, ya ɗan zauna, a janye shi da dattin. Yawancin yara ƙodarsu na farfaɗowa cikin kwanaki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya yana gida. An sallami yaro, zazzaɓi ya taso, a garzaya kemis a karɓo ibuprofen ko diclofenac, a ƙara da allurar gentamicin, kaka kuma ta kawo jiƙo. Ƙodar da ba ta gama warwarewa ba, an sake take ta. Ga zafin Maris da Afrilu na garin nan: yaron da ke shan Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari, gudawar wuni ɗaya ta isa ta tsotse shi. Ku kawo shi a ranar.

Hajiya, na ga hannunki. Kina tambaya ko sai an ci gaba da duba ƙodar yaro bayan ya warke? Eh, ko da yana ta guje-gujensa lafiya lau. Hawan jini da zubar furotin a fitsari kan ɓullo bayan shekaru, ba tare da ciwo ba. Duk ranar da kika kai shi wajen likitan zuciya, a asibitin Shika ne ko ina, ki ce a auna masa hawan jini da abin awo daidai damtsensa, a kuma gwada fitsarin. Wa ke da wata tambaya?