Motsa jiki idan ya wuce kima ga mai cutar baifola

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Iyayena da 'yan'uwana da kuka halarci wannan zama, ina yi muku barka da zuwa. Batunmu na yau shi ne motsa jiki, wanda kowane likita ke kwaɗaitar da mutane a kansa, da kuma yadda yake iya zama illa ga mai cutar baifola idan ya wuce kima.

Baifola cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke sa yanayin mutum ya riƙa hawa da sauka fiye da yadda aka saba gani. Akwai lokacin tashi, wanda likitoci ke kira maniya, inda mutum yake cika da kuzari da zumuɗi, barcinsa ya ragu, maganarsa ta yawaita, ya ga babu abin da zai gagare shi. Akwai kuma lokacin faɗuwa, inda tsananin damuwa ke danne shi har tashi daga shimfiɗa ya zame masa aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da ita a duniya.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an hana masu wannan cuta motsa jiki. Suna buƙatarsa ma fiye da sauran jama'a, domin magungunan cutar irin su olanzapine da quetiapine da valproate suna sa ƙiba, kuma ciwon zuciya da ciwon sukari suna cikin manyan abubuwan da ke rage musu tsawon rai. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da shi, wato minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi kamar tafiya da sauri, ya shafe su kamar kowa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a wannan cuta yawan motsi yana iya zama alamar ciwon kansa. A shekarar 2013, lokacin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sabunta kundinta na gane cututtuka, ta sanya ƙaruwar kuzari da kai-komo a cikin ginshiƙan da ake tabbatar da maniya da su, ba sauyin yanayin rai kaɗai ba. Saboda haka saurayin da a da yake buga ƙwallo sau biyu a mako, sai kwatsam ya koma fita gudu tun kafin asuba, ya ɗaga ƙarfe da hantsi, ya sake komawa fili da yamma, ba lallai ba ne himma ce ta zo masa. Abin takaicin shi ne 'yan gida sukan yi murna, musamman idan ya fito daga watanni na kwanciya, su ce Alhamdulillahi yaro ya warware, alhali kuwa ciwon ne ya juya ɗaya fuskar.

Wani bincike da Kim Wright da abokan aikinta suka wallafa daga Jami'ar Exeter ta Ingila a 2012 ya saurari masu cutar da bakinsu. Wasu sun ce motsa jiki yana taimaka musu su sauke kuzarin da ya yi musu yawa, wasu kuma sun ce idan sun fara tashi, atisaye mai tsanani yana ƙara ingiza su sama. A ganina duka biyun gaskiya ne, kuma abin da ke raba su shi ne barci. Lafiyayyen mutum idan ya wahalar da jikinsa yakan gaji ya yi barci mai nauyi. Wanda maniya ta kama kuwa kamar dokin da ya ƙwace linzami ne, yana ta gudu amma gajiyar ba ta isa gare shi, sai ya kwana awa uku ya farka garau. Ƙarancin barci kuma yana cikin sanannun abubuwan da ke tayar da maniya, ta yadda motsin yana cin lokacin barci, rashin barcin yana ƙara kuzari, kuzarin yana neman ƙarin motsi. Wannan ne ya sa Farfesa Ellen Frank ta Jami'ar Pittsburgh ta gina wata hanyar jinya kacokan a kan daidaita lokutan kwanciya da tashi da cin abinci da aiki. Don haka tambayar da ya kamata uwa ko mata ko miji su yi ita ce, bayan duk wannan gudu, awa nawa ya yi barci jiya.

Sai batun magani, wanda ya fi damuna saboda yanayin ƙasarmu. Litiyam, wanda likita John Cade na Ostareliya ya bayyana amfaninsa a 1949, har yau yana cikin magunguna mafiya inganci ga wannan cuta, sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce. Galibi ana son ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2 a ma'aunin jini, kuma daga 1.5 zuwa sama alamun guba sukan fara bayyana. Ƙoda ce ke fitar da shi, kuma idan jiki ya rasa ruwa da gishiri, ƙodar takan riƙe gishirin da ya rage, ta riƙe litiyam tare da shi. Ku auna wannan da mutumin da ke gudu a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Idan ya dawo gaɓoɓinsa na ciwo, sai ya aika kemis a sayo masa ibuprofen ko diclofenac, waɗanda su ma suna hana ƙoda fitar da litiyam. Alamun da za a lura da su su ne karkarwar hannu mai ƙarfi, amai, gudawa, tangaɗi wajen tafiya, nauyin harshe da ruɗewa, kuma duk wanda aka ga haka a tare da shi asibiti za a kai shi nan take, ba a jira gari ya waye ba.

Waɗanda ba sa shan litiyam ma ba su tsira ba, domin wasu magungunan kwantar da maniya suna rage wa jiki ikon sanyaya kansa a cikin zafi. Akwai kuma lalacewar tsoka da ke biyo bayan atisaye mai tsanani, wadda ake gane ta da ciwon jiki mai yawa da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, kuma tana iya taɓa ƙoda. Ga lemukan ƙara kuzari masu yawan kafeyin da ke korar barci, ga allurai da ƙwayoyin gina tsoka da wasu matasa ke samu a wuraren ɗaga ƙarfe, waɗanda an san suna iya tayar da maniya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba.

Shawarata ita ce a tsayar da lokaci guda da adadi guda tun mutum yana cikin natsuwarsa, a sanar da likita, a kuma sanar da wani na kusa da majinyacin ya amince da shi, domin idan tashin ya zo, shi kansa ba zai ga ya wuce iyaka ba. Safiya ko bayan la'asar sun fi dare. Idan barci ya ragu kwana biyu ko uku a jere ba tare da gajiya ba, a sauko daga gudu da ɗaga ƙarfe zuwa tafiya a hankali, a kuma nemi likita, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware, ko na Dawanau a Kano, ko wanda ya fi kusa. Mai shan litiyam da ke niyyar azumin Ramadan kuma ya je a auna jininsa kafin watan ya kama, a tsara masa lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, ya kuma ajiye atisaye mai sa gumi da rana har bayan Sallah.