Jawabin maraba ga Mai Martaba a gidan tarihin soja na Kumasi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da zuwa, barka da hanya, Allah ya ja zamanin Sarki. A madadin mazan jiya da ƴaƴansu da jikokinsu na Zangon Kumasi muna cewa lale marhabin, wallahi mun ji daɗi da ka ce sai ka tako nan kafin ka koma Arewa.

Wannan ginin da muke tsaye ciki, Asantehene, sarkin Asante, ne ya fara gina shi a 1820, Turawan Ingila suka rushe shi a 1874 suka sake ɗaga shi a 1897, kuma a nan ne mayaƙan Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante, suka yi wa gwamnan Turawa Hodgson ƙawanya a 1900, sojan da ke ciki tare da shi kuwa da yawansu Hausawa ne, yunwa da cuta sun ci wasu a cikin katangar nan. Ai shi ya sa har bayan nan Hausa ce harshen bariki.

In an shiga da kai ciki za ka ga bindigogin da aka ƙwato hannun Italiya a Habasha da na Japan a yaƙin Boma, wato Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, da lambobin yabo a gilashi, amma dan Allah ranka ya daɗe ka ɗan tsaya gaban hotunan nan na bango. Samari ne, jar dara a kai, ƙafa ba takalmi, wasu ma da zanen gidansu a kumatu. Kakana ya dawo daga Boma, ƙaninsa bai dawo ba, abin da ya iso gida lamba ɗaya ce, kakarmu ta ɗaure ta a bakin zane har ta rasu, ko kabarinsa ba mu san inda yake ba.

To roƙonmu ɗaya ne. Da yawa cikinsu daga Kano da Katsina da Sakkwato suka fito, an rubuta su da sunan gari kawai, wane Kano, wane Zazzau, danginsu can ba su ma san ana tunawa da su a nan ba. In ka koma a sanar a masallatai da fada, duk mai lamba ko takardar sallama ta kakansa ya kawo a haɗa sunayen.

Yanzu za a busa bigila, a yi shiru na minti 2, sai liman ya yi musu addu'a. Bismillah ranka ya daɗe, ga hanya.