Filin Tunawa da Hijira a Maiurno: Wa Zai Ba da Kuɗin?

Assalamu alaikum jama'a. A ce mutanen Maiurno, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu, sun yanke shawarar keɓe fili don tunawa da kakanninsu. Dalili kam akwai shi. A 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a, har suka kafa garin da ake kira da sunansa. To a ce ana son lambu mai inuwa, da alluna masu nuna hanyar da aka biyo, da ɗaki guda na ajiyar tsofaffin takardu. Ina kuɗin?

Masu ba da tallafin da ba a mayarwa suna nan. Akwai gidauniyar ALIPH da ke Janeba, wadda aka kafa a 2017 don ceton kayan tarihi a wuraren da ake yaƙi. Akwai asusun kare al'adu na British Council, wanda ya sa kuɗi a gyaran Gidan Halifa na Omdurman da gidajen tarihi na El Obeid da Nyala. Amma ku lura da irin aikin da suke biya: abin da yake akwai, yana neman salwanta. In kwamiti ya cika takardarsa da katanga da ƙofar ƙarfe da fitilu, da wuya a kula shi.

Don haka a raba aikin. Littattafan ajami, wasiƙun da ke cikin akwatunan gidaje, labarin hanya da ya rage a bakin tsofaffi, waɗannan su ake kai wa masu kuɗin tarihi. Itatuwa da rijiya da benci kuwa, a nemi ƙungiyoyin muhalli da attajiran gari da 'yan uwa mazauna Jidda da Makka da Sakkwato.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, sai takardar fili ta zo hannu. Ba wanda zai zuba kuɗi a filin da gobe magada za su taso su ce gonar kakansu ce. Sai rajistar ƙungiya a hukumar kula da ayyukan jin ƙai, sai asusun banki da sunan ƙungiyar, wanda mutum ɗaya ba ya iya cire kuɗi shi kaɗai. In aikin zai taɓa kaburbura ko tsohon gini, a nemi izinin hukumar kayan tarihi ta ƙasa. Kasafin kuma a rubuta shi da dala, don farashin siminti da fam na Sudan ba ya jiran amsar kowa.

Yanzu ga tambayar da ta fi kayar da mutane: ranar da tallafi ya ƙare, wa zai riƙa ban ruwa? Lambun Azhar na Alƙahira, da gidauniyar Aga Khan ta kashe wa dala miliyan 30 aka buɗe shi a 2005, sai an biya kuɗi ake shiga. A Maiurno ban ga wanda zai sayi tikiti don ya zauna a gindin bagaruwa ba. A ganina wakafi ya fi dacewa: 'yan shaguna a jikin katanga, hayarsu ta biya mai gadi da man injin ruwa. Aikin gayya ma a ƙiyasta shi da kuɗi a sa cikin takarda, domin masu tallafi suna son ganin abin da gari ya kawo da kansa.

A zauna da malamai tun da wuri, a tabbatar musu ba gunki ba mutum-mutumi. A kuma daidaita kan sunayen da za a rubuta, tunda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ƙara wa gidaje da yawa mamatan da suke son a tuna.

Yaƙin nan ya karkatar da yawancin kuɗin agaji zuwa abinci da magani, saboda haka amsa tana iya daɗewa. Naɗar muryar tsofaffi kuwa waya kawai take buƙata da izininsu, kuma abin da aka naɗa shi za a haɗa da takardar neman tallafin a aika.